Yadda ake cin calzone a gidan piza na bakin teku: misali daga Maiori, kudancin Italiya

Calzone piza ce da aka ninke. Kwaɓin fulawa ɗaya ne, tanderu ɗaya ne, sai dai maimakon a baza kayan haɗi a sama kowa ya gani, ana tara su a rabin faifan kwaɓin, a jawo ɗaya rabin a rufe, a danne bakin da yatsu, ya fito kamar wata ɗan kwana bakwai. Mutanen ƙasar suna furta sunan "kaltsone", kalmar kuma daga wando ta samo asali, kamar ka ce ƙafar wando da aka cusa wa kaya. Gidansa na asali Napoli ne, a yankin Campania, daga nan ya bi gaɓar teku ya shiga kowane ƙaramin gari.

Rufewar nan ita ce daɗinsa, domin cuku yana narkewa ne a cikin tururinsa, ƙamshi bai samu hanyar tserewa ba. Ita ce kuma matsalarsa ga Musulmi. Piza a buɗe take, ido zai gaya maka abin da ke kanta kafin hannu ya kai. Calzone kuwa cinikin biri a sama ne in ba ka tambaya ba, kuma haɗin gargajiya na Napoli, wanda za a kawo maka in ka ce "calzone" ka yi shiru, akwai naman alade a cikinsa. Na ga 'yan'uwa da dama, ɗalibai da ma'aikata da masu ziyara, sun haƙura da shi gaba ɗaya saboda haka. Wasu kuma sun ci ba su sani ba, abin ya dame su daga baya. Duka biyun ana iya kauce musu da 'yan kalmomi kaɗan, in dai an san lokacin faɗinsu.

Zan yi misali da Maiori, wani gari da ke tsakanin Salerno da Amalfi. Yawancin gaɓar Amalfi duwatsu ne masu tsayi da suka gangara cikin teku, garuruwa na maƙale a jikinsu, amma Maiori tana da shimfiɗaɗɗen bakin ruwa mai tsawon kusan kilomita 1, wanda ya fi na duk maƙwabtanta. Ambaliyar watan Oktoban 1954 ta rushe sashe babba na garin, shi ya sa gine-ginen bakin ruwan na zamani ne, ba su da kwalliya irin ta Positano, garin masu yawon buɗe ido da ke wannan gaɓar. Wannan ya yi mana daɗi, don iyalan Italiya ne suka fi cika garin, kuma inda 'yan gari ke cin abinci ba a cika wasa da kwaɓi ba. A saman duwatsun da ke bayanta akwai Tramonti, garin da ya yi suna da fitar da masu gasa piza, waɗanda bayan Yaƙin Duniya na Biyu suka bazu arewacin ƙasar suna buɗe shaguna. Abin da zan faɗa a nan zai yi maka aiki a kowane garin bakin teku na Campania.

Mataki na farko: isa garin, da zaɓen lokaci

Daga Salerno akwai bas ɗin kamfanin SITA mai zuwa Amalfi, yana bi ta Vietri da Cetara kafin Maiori, tafiyar kusan awa 1. Sayi tikiti tun kafin ka hau, a shagon da ke da alamar babban harafin T a ƙofa. Hanyar kwana-kwana ce a gefen dutse. Wanda mota ke sa shi jiri, gara ya bi jirgin ruwa daga Salerno in lokacin zafi ne, ya isa da cikinsa lafiya.

Piza a kudancin Italiya abincin dare ce. Gidaje da yawa ba sa hura tanderu sai da yamma, ko da suna sayar da wani abincin da rana. Ana buɗewa wajen ƙarfe 7, 'yan gari kuma ba sa fitowa sai 8:30 zuwa 9, daga nan sai layi. A watannin Yuni da Yuli rana ba ta faɗuwa sai wajen 8:30, don haka zaɓi biyu gare ka: ko ka zauna da 7:15 ka gama kafin magariba, ko ka yi salla a masauki ka fito ka bi layi. Ni na fi son na farko. Tanderu ya riga ya yi zafi, mai gashi bai gaji ba, sabis kuma yana da sukunin tsayawa ya saurare ka, wanda shi ne abin da ka fi buƙata. Tambayar abin da ke cikin kwaɓi da ƙarfe 9:30 na daren Asabar, faranti shida a hannun mutum, ba ta samun amsa mai kyau.

Ranar 15 ga Agusta, wadda suke kira Ferragosto, duk ƙasar tana bakin teku, a Maiori kuma ta haɗu da bikin cocin garin. In ba ka kama tebur tun da wuri ba, ka nemi wata rana. In daga ruwa ka fito, wanke yashin ƙafa ka sa cikakkun kaya. Garin Sorrento ma ya sa tara tun 2022 a kan masu yawo cikin gari ba riga.

Mataki na biyu: wane gida za ka shiga

Bar layin farko da ke kallon teku, ka shiga babban titin garin, Corso Reginna, da lungunan da ke jikinsa. Ba wai na bakin ruwa duk ba su iya ba ne, amma a can rabin kuɗinka na kallon ruwa ne.

Leƙa ciki. In ka ga tanderu mai kama da rumbu, itace a jere a ƙarƙashinsa, ko an rubuta "forno a legna" a ƙofa, wato tanderun itace, alama ce mai kyau. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu gurasa a Kano ya san abin da wutar itace da bangon tanderu ke yi wa kwaɓi. Nasu zafinsa ya haura digiri 400, piza a buɗe tana nuna cikin daƙiƙa 60 zuwa 90, calzone kan ɗan fi haka saboda kaurinsa. Kalli hannun mai gashin, wanda suke kira pizzaiolo. Da tafin hannu da yatsu yake buɗe curin kwaɓi, ba da muburgi ba. Sana'a ce da suke alfahari da ita ƙwarai, har UNESCO ta sa ta cikin al'adun duniya da ake karewa a Disambar 2017. Sai kuma ka kalli masu ci. Kaka da jikoki, ma'aikata da kayan aikinsu, ana hira da yaren gari: shiga. Inda wani ke tsaye a ƙofa yana jawo masu wucewa da takarda mai hotuna cikin harsuna biyar, wuce.

Jerin abinci da farashi yana manne a waje. Karanta shi a nan, ba tare da kowa na tsaye a kanka ba.

Mataki na uku: karanta jerin abinci

Ka yi sallama da "Buonasera", ka faɗi yawanku, misali "Un tavolo per due", tebur na mutum biyu, ka jira a nuna maka wuri. A jerin abincin ba lallai ka ga kalmar calzone ba. A Campania sun fi rubuta "ripieno", ma'ana mai cikin ciki: "ripieno al forno" gasasshe, "ripieno fritto" ko "pizza fritta" soyayye. A ƙarƙashin kowane suna an jera abin da ke ciki.

Karatun ba wuya ga Bahaushe. Harafin c kafin i ko e irin namu ne na "ciki", kafin a, o, u kuma k ne. "Gn" kamar "ny" ake furtawa.

Alade sunansa maiale, a furta "mayale", amma da wuya ka ga wannan kalmar a jerin, domin kowane yanki da sunansa. Waɗanda suka fi shiga calzone su ne salame, prosciutto, ko cotto ne (dafaffe) ko crudo (wanda ba a dafa ba), da cicoli ko ciccioli, wato ragowar kitse da nama da aka matse bayan an narkar da mai. Bayan su akwai pancetta, guanciale, salsiccia, speck, mortadella, soppressata, capocollo, porchetta, lardo da 'nduja. Duk alade ne. Würstel ma ka bar shi, sau da yawa alade ne ko gauraye. In an rubuta "classico", "napoletano", "completo" ko "della casa", ɗauka akwai ɗaya daga cikinsu har sai an tabbatar maka babu. Bresaola naman sa ne, sai dai ba yankanmu ba ne, haka ma kaza. Ni a irin wannan wuri nama gaba ɗaya nake bari, tunda ga teku a gabana.

Abin da za ka nema: ricotta, wani farin cuku mai laushi da ya yi kama da sabuwar warar Fulani da ba a soya ba, sai dai ya fi ta santsi. Fior di latte, farin cukun nan mai narkewa da ake kira mozzarella, ta nonon saniya, wadda ta garin Agerola da ke kan waɗannan duwatsun ta yi suna. Provola, ɗan'uwanta da aka yi wa hayaƙi. Pomodoro tumatir ne, basilico ɗan'uwan ɗaɗɗoya ne, pepe masoro, cipolla albasa, melanzane yalon Turawa, funghi laimar kwaɗi irin wadda ake ci, olive zaitun, tonno kifin tuna, alici ko acciughe ƙananan kifi masu gishiri. Peperoni a Italiya tattasai ne, ba naman da Amurkawa ke kira da sunan da ya yi kama da shi ba.

Ƙananan lambobin da ke gefen kowane abinci na abubuwa 14 ne da dokar Tarayyar Turai ta ce a bayyana saboda masu rashin lafiyar abinci, irin su alkama, madara, kifi da gyaɗa. Alade ba ya cikinsu. Kada ka dogara da su.

Mataki na huɗu: maganarka da sabis

Nan ne komai yake, saboda haka zan daɗe a kai.

A shekarata ta farko a ƙasar na shiga wani gidan piza na ce "senza carne", wato ban da nama. Aka kawo, na yanka, sai ga jan yanka-yankan prosciutto a cikin cuku. Da na yi magana, yaron ya yi mamaki da gaske, ba rainin hankali ba ne. A wurinsa carne shi ne ɗanyen nama da ake dafawa ko gasawa, prosciutto da salame kuwa salumi ne, wani jinsi daban. Sun canza mini ba musu, amma tun ranar ban sake cewa "ban da nama" kawai ba.

Fara da dalili: "Sono musulmano, non mangio maiale." Ni Musulmi ne, ba na cin alade. 'Yar'uwa za ta ce "musulmana". Kudancin Italiya sun saba da Musulmi, kuma in suka ji dalilin sun fi kula fiye da in suna zaton zaɓen abinci ne kawai. Sai ka nuna wanda kake so ka ce "Cosa c'è dentro?", me ke ciki? Ko da an rubuta, ka tambaya, don wani lokaci mai gashi yana ƙara abin da aka saba ba tare da an rubuta ba. Sannan ka ambaci sunayen ɗaya bayan ɗaya: "Senza salame, senza prosciutto, senza cicoli. Niente salumi."

Saura tambayoyi biyu da mutane ke mantawa. Ta farko kwaɓi: "C'è strutto nell'impasto?", akwai kitsen alade a kwaɓin? A Napoli suna kuma kiransa sugna, a furta "sunya". Ƙa'idar kwaɓin piza ta Napoli, yadda ƙungiyar masu kare ta da aka kafa a 1984 ta rubuta, ruwa ne da fulawa da gishiri da yis, ba mai ko kaɗan, don haka a gidan piza na gaske amsar kusan kullum a'a ce. Amma a gidajen burodi da masu sayar da ƙananan calzone a gilashi, strutto na shiga kwaɓi sosai. Ta biyu: ko an riga an gauraya ricotta da salame ko cicoli a kwano ɗaya. Wasu suna haɗawa tun da rana don sauri. Ka ce "La ricotta è già mischiata con i salumi?" In ya ce eh, nemi haɗin da ba ricotta.

In ka ga sabis yana amsawa da ka kawai, idonsa na wani teburin, roƙe shi cikin ladabi: "Può chiedere al pizzaiolo?", ko zai tambayi mai gashi? Matambayi ba ya ɓata. Wanda harshen bai zauna masa ba ya rubuta jimlolin nan a takarda ko a waya ya nuna, sabis ya kai wa mai gashi.

To me za ka ce a zuba? Wanda na fi so shi ne na scarola, wani ganye mai kama da latas mai ɗan ɗaci, da ake soyawa sama-sama da man zaitun da tafarnuwa, a haɗa da baƙin zaitun, da capperi, wasu 'yan ƙananan tohon fure da aka jiƙa a gishiri, da alici, wani lokaci da provola. Tsohon haɗi ne na Napoli, asalinsa ba nama, ba sai an cire komai ba. Ga Cetara nan maƙwabciya, garin masunta da duk Italiya ta sani da alici da tuna. Wanda ya saba da ɗacin shuwaka ko rama zai ji kamar ya san abincin nan tun da. Na biyu shi ne na gargajiya da aka cire wa salame: ricotta, fior di latte, tumatir kaɗan, basilico, masoro. In kana ganin zai yi salam, ce a sa funghi ko melanzane a madadin. Na uku tonno e cipolla, tuna da albasa, mai ƙosarwa ne. Kada ka tara kaya. Uku ko huɗu sun isa, in suka yi yawa ruwansu zai hana cikin kwaɓin nuna. Saboda wannan dalilin ne ma nake barin mozzarella ta nonon ɓauna, duk da darajarta, ga piza a buɗe, don tana tsatsafar da ruwa da yawa. Ka ƙara da "Ben cotto, per favore", a gasa shi sosai.

Batun sinadarin da ake daskarar da madara da shi, caglio, wanda yawanci daga cikin ɗan maraƙi ake samu, malamai sun yi saɓani a kai tun da. Mai bin tsauraran ra'ayi ya nemi na scarola "senza formaggio", ban da cuku. Yana da daɗi a haka ma.

Mataki na biyar: gasasshe ko soyayye

Soyayyen yana da tarihi mai taɓa zuciya. Bayan yaƙi, lokacin da talauci ya yi wa Napoli katutu, itace da tanderu suka gagari mutane, mata ne suka riƙa soya kwaɓi a ƙofar ɗakunansu suna sayarwa, kamar masu ƙosai a unguwanninmu. Har bashi ake bayarwa, ka ci yau ka biya bayan kwana 8. Yana kumbura a mai kamar balan-balan, fatarsa siririya, in an iya ba ya shan mai. Yau galibi da man gyaɗa ko man sunflower ake suya, kitsen alade ya ja baya, amma ka tambaya: "In che olio friggete?"

Duk da haka ga gaskiyar da ba kowa zai gaya maka ba. Kasko ɗaya ne. A man da za a soya naka aka soya na cicoli ɗazu, kuma yakan fashe ya zubo. A tanderu ma daɓe ɗaya ne da matsami ɗaya, amma calzone a rufe yake, wutar kuma tana ƙone abin da ya ɗiga nan take. Don haka ni gasasshe nake ci, soyayye sai a wurin da na tabbatar man nasu daban ne. Kowa ya auna da abin da zuciyarsa ta natsu da shi.

Mataki na shida: abin sha, da jira

Su giya suke haɗawa da piza, sabis zai iya tambaya bisa al'ada. Ce "Acqua naturale" in ruwa zalla kake so, "frizzante" mai gas. Da kwalba ake kawowa, ana biya. Akwai limonata ta lemon tsami, aranciata ta lemon zaƙi, da chinotto, wani baƙin lemo mai ɗan ɗaci da ke yanke maiƙon cuku. Kalmar "analcolico" na nufin babu barasa. In an ajiye kwandon burodi da wasu zagayayyun ƙaraurayi masu masoro da almon, taralli ke nan, na Napoli da sugna ake yin su, bar su. Kada ka cika ciki da soye-soyen buɗe baki. Curin kwaɓin mutum ɗaya ya kai giram 250, ga cuku. A al'adarsu kowa da nasa, amma ba laifi biyu su raba ɗaya su ƙara da salak, sai ka ce "Uno in due".

Mataki na bakwai: ya iso

Kafin sabis ya juya, tambaye shi: "Questo è senza maiale?" Calzone biyu a rufe kamarsu ɗaya, kuma a cunkoso faranti na iya sauya tebur. Masu gashi kan sa alama a sama, ganyen basilico ko zaitun guda, don su bambance. Duk da haka idonka ne shaida ta ƙarshe.

Ɗauki wuƙa da cokali mai yatsu, ka huda shi a tsakiya inda ya fi kumbura, ka ja fuskarka baya tururi ya fita. Sai ka raba shi biyu, ka ɗan buɗe kowane ɓangare ka duba. Salame ja ne mai ɗigon fari, prosciutto cotto ruwan hoda, cicoli launin ƙasa-ƙasa a dagargaje, shi ya fi ɓuya a cikin ricotta. In ka ga abin da ba ka gane ba, kira su kafin ka ɗanɗana. In kuskurensu ne za su sake wani.

Duba kwaɓin kuma. Baƙaƙen ɗigo a bayansa ba ƙonewa ba ce, tambarin wutar itace ne. Abin gudu shi ne ciki fari mai danƙo yana manne wa wuƙa. Wannan ɗanye ne, ka ce "È crudo dentro", su mayar.

Yanzu ka ba shi minti 2. Ricotta tana riƙe zafi fiye da yadda take nunawa, loma ɗaya ta gaggawa za ta saluɓe maka dasashi, sauran abincin duk ka ci ba ɗanɗano. Yara a yanka musu ƙanana a baza a faranti. Amma kada jiran ya zarce, domin bayan minti 10 cuku ya fara tauri, kwaɓi ya fara zama roba. Ba abincin da za a bari ana ɗaukar hoto ana hira ba ne.

Bismillah, fara daga tsakiya inda kaya suka taru, kana yankowa zuwa gefe. Kusurwoyin biyu kusan kwaɓi ne zalla, kada ka bar su. Yage su da hannu ka dangwali ricotta da tumatirin da suka malalo a faranti, kamar yadda ake share kwano da lomar tuwo ta ƙarshe. Ba wanda zai kalle ka, su ma haka suke yi. A wannan bakin kwaɓin ne ake gane gwanin mai gashi: in ka matsa ya dawo, cikinsa ramuka-ramuka, ya kwana yana tashi yadda ya kamata, kuma ba zai kwana maka a ciki ba.

Mai son yaji ya nemi "olio piccante", man zaitun da aka jiƙa barkono a ciki, ya ɗiga kaɗan. Na san da yawanmu ba ma tafiya ba ƙullin yaji a jaka, kuma yana shiga da na tuna da albasa ƙwarai. Sai dai ka fara cin loma biyu uku a yadda mai shi ya yi shi. Ketchup da mayonis kam kada ka nema.

Soyayye da hannu ake ci, a naɗe a takarda. Gutsure kan sama, bari iska mai zafi ta fita, ka matso kayan cikin daga ƙasa zuwa sama da yatsu, ka sunkuya gaba kaɗan don romon ya sauka a takarda ba a riga ba.

In a bakin ruwa kake son ci

Ce "Da asporto", na tafiya da shi. Duk tambayoyin nan suna nan daram, ka kuma buɗe kwalin ka duba tun kana wurin. Nemi tovaglioli, takardun goge hannu, da wuƙar roba. Bar murfin kwalin a ɗan ɗage, in ba haka ba tururi zai jiƙa shi kafin ka yi taku ɗari. Jerin laimomi masu launi ɗaya na kuɗi ne, nemi benci a kan hanyar bakin teku ko inda aka rubuta "spiaggia libera", wurin kowa da kowa. Juya wa iska baya saboda yashi, ka kuma sa ido a kan manyan fararen tsuntsayen teku, suna fizgar abinci daga hannu. Abin da ya rage kada ya yini a jaka cikin zafi, ricotta ba ta jure wa. In akwai firji a masauki, da safe a ɗumama shi a kasko mai murfi da wuta kaɗan.

Mataki na takwas: kayan zaƙi da biyan kuɗi

Gaɓar nan ƙasar lemon tsami ce, manya masu ƙamshi, ana noma su a kan matakalar duwatsu tsakanin Maiori da Minori. Bayan cin abinci mai gida na iya kawo maka ɗan ƙaramin kofi mai ruwan ɗorawa kyauta, don karramawa. Limoncello ne, barasa ce mai ƙarfi. Ka dafa ƙirji ka ce "No grazie, non bevo alcol." Ba sa jin haushi. Babà, wani ƙaramin kek, a cikin barasa ake jiƙa shi. Delizia al limone, kek ɗin lemon tsami, sau da yawa da limoncello a ciki. Yalo da cakulan, melanzane al cioccolato, wanda Maiori ke taƙama da shi a tsakiyar Agusta, wasu na zuba masa wata barasar ganyaye ta Tramonti, sai an tambaya. Sfogliatella kuma, wata fulawa gasasshiya mai zaƙi, da strutto aka saba yin ta. Mafi kwanciyar hankali granita di limone, ƙanƙara da ruwan lemon tsami da sukari, ko ɗan kofin espresso.

Ba a kawo lissafi sai ka nema, don a ganinsu korar baƙo ce. Ce "Il conto, per favore", ko ka tashi ka je wurin akwatin kuɗi, cassa. Za ka ga wani layi "coperto", kuɗin zama a tebur, yawanci euro 2 zuwa 3 a kan kowane mutum. Ba cuta ba ce, an rubuta shi a ƙasan jerin abinci. Na tafiya da shi ba a biyan wannan. Tukwici ba dole ba ne, amma yaron da ya je ya tambayo maka mai gashi har sau biyu ya cancanci euro ɗaya ko biyu. Suna karɓar kati, duk da haka riƙe 'yan tsabar kuɗi. Karɓi rasit ɗinka, scontrino.

Kafin ka fita, tsaya gaban tanderu ka ce wa mai gashi "Complimenti", sannu da aiki. In ka dawo jibi zai gane ka, tun daga ƙofa zai ce maka "senza maiale" kafin ka buɗe baki.

In Salerno za ka koma a daren, duba lokacin bas na ƙarshe tun isowarka da rana. Mai zuwa Salerno a gefen teku yake tsayawa, ka ɗaga masa hannu da ya doso. A watan Agusta yakan taho a cike daga Amalfi ya wuce bai tsaya ba, saboda haka ka fito wa wanda ke gaban na ƙarshe, tikitin dawowa kuma ka saye shi tun da rana kafin shagunan T su rufe.